Kafin ka goge hoton namun daji, duba shi a babban allo

Tambaya: Na fara ɗaukar hoton tsuntsaye da namun daji, kuma duk fitar da na yi ina dawowa da dubban hotuna. Na saba yin shara tun ina daji. Duk hoton da na ga ya yi dishi-dishi a allon kyamara, ko ya yi duhu, ko dabbar ta juya baya, ko ta fito 'yar mitsitsiya can nesa, sai in goge shi don kati ya samu wuri. Wani ya ce mini ɓarna nake yi. Haka ne? In haka ne, yaya ake tantancewa, tunda ba zai yiwu mutum ya adana komai ba?

Amsa: Malam, wanda ya faɗa maka haka ya yi maka gata. Gogewa ba laifi ba ce, kowa yana yi, ni ma ina yi kuma da yawa. Matsalar tana wurin da kake yin ta da lokacin da kake yin ta. A bayan kyamara, cikin rana, jiki a gajiye, kana yanke hukuncin da ba ya warwaruwa a kan hoton da ba ka gama ganinsa ba. A duk aikin hoto, tun daga saita kyamara har zuwa gyaran launi, gogewa ce ta fi wuyar komawa a gyara, don haka ita ya kamata ta zo a ƙarshe.

Mu fara da allon nan da kake dogaro da shi. Girmansa wajen inci 3 ne. A kyamarori da yawa za ka ga an rubuta yana da ɗigo 1,040,000, amma lissafin ya haɗa ja da kore da shuɗi kowanne daban, ka ga ke nan ainihin fiksel ɗinsa 720 ne a kwance, 480 a tsaye, wato kimanin 346,000. Hoton kyamara mai megafiksel 24 kuwa 6,000 ne a kwance, 4,000 a tsaye. In ka raba, abin da allon yake nuna maka wajen kashi ɗaya ne cikin 70 na abin da ke cikin fayil ɗin. Tsuntsun da ya zama ɗan baƙin tabo a allon yana iya cinye fiksel 800 a faɗin fayil, wanda ya isa a ga launin idonsa da layukan fukafukinsa.

Kuma ruɗin allon ta fuska biyu yake zuwa. Yana ɓoye abin kirki, yana kuma rufa wa marar kyau asiri, domin duk hoton da aka ƙanƙance sai ya ga kamar ya fito raɗau. Sau da yawa mai gogewa a daji yakan bar hoton da saitinsa, wato inda kyamara ta daidaita ya fito tar, ya faɗa kan ciyawar gaba, ya share na kusa da shi wanda idon dabbar ya fito tar, saboda kawai na farkon ya fi haske. Ga kuma rana: da tsakar rana allon yana nuna komai da duhu, da magariba kuma komai yana walƙiya fiye da yadda yake.

Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci, in dai da RAW kake ɗauka, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ba ta sarrafa ba. Abin da kyamara take nuna maka ba fayil ɗin RAW ba ne. Wani ɗan JPEG ne, wato sarrafaffen hoto, da ta haɗa nan take ta cusa a cikin fayil ɗin, da irin launin da ƙarfin baƙi da farin da aka saita mata. Hatta jadawalin haske da farin da ke ƙiftawa yana gargaɗin cewa wuri ya ƙone, a yawancin kyamarori daga wannan JPEG ɗin ake lissafa su. JPEG yana da matakan haske 256 a kowane launi. RAW mai bit 12 yana da 4,096, mai bit 14 kuma 16,384. Ɗauki balbela a tsaye a gaban duhun ganye. A allo bayanta fari ne fat, babu ko layin gashi ɗaya, kai kuma sai ka ce ya ƙone. Ka buɗe fayil ɗin a kwamfuta ka ja haske ƙasa, sau da yawa za ka ga gashin yana fitowa sili-sili. Haka ɓauna da ke kwance a inuwa: baƙin dunƙulen da ka gani a allo yana ɗauke da ido da ƙaho da carki a kan wuya. Akwai iyaka, ba shakka. In hasken ya cika na'urar ɗaukar hoton har ya tumbatsa a duk launuka uku, babu abin da zai dawo. Sai dai allon kyamara ba zai iya gaya maka ko an kai wannan iyakar ba.

Haka batun tsaki-tsakin da ke cika hoto in an ɗaga ISO, wato ma'aunin da ake ƙarawa don hoto ya yi haske a wuri mai duhu. Namun daji da asuba da magariba suka fi motsi, lokacin da haske ya yi ƙaranci, shi ya sa da yawa daga hotunan ɗabi'a masu daraja a ISO mai yawa ake samun su. Shekaru kaɗan baya, hoton da aka ɗauka a ISO 12,800 yawanci na kwandon shara ne. Sai kamfanin DxO ya fito da DeepPRIME a 2020, Adobe kuma ya sa irin wannan mai share tsakin a manhajarsa ta gyaran hoto, Lightroom, a 2023, kuma a kan fayil ɗin RAW suka fi yin aiki. Waɗanda suka adana tsofaffin fayilolinsu sun koma sun fito da hotunan da ake bugawa. Waɗanda suka goge ba su da abin komawa. Ba ina cewa manhaja za ta gyara kowace ɓarna ba ne, hoton da saitinsa ya kuskure ya kuskure. Amma duhu da tsaki kaɗai ba su isa hujjar kashe hoto ba.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna, wanda ba na na'ura ba ne. Ranar da ka ɗauki hoto, idonka ba ya kallon abin da ke cikinsa, yana neman abin da zuciyarka ta gani ne. Ka jira mikiya ta sauko kan ruwa, a ranka kana hango ta da farata a buɗe da kifi a ƙasa. Da ka duba allo ka ga ba haka ya fito ba, sai haushi ya sa ka ga hoton ba shi da amfani, alhali wataƙila ruwan da ya fantsama da fukafukin da ya lanƙwashe sun fi abin da ka yi fata kyau. Bayan mako biyu ko wata guda, abin da ka sa rai da shi ya dusashe, sai ka ga hoton a yadda yake. Wannan jinkirin yana aiki ta ɗaya ɓangaren ma, domin hoton da ka sha wahala kafin ka samu yana shiga rai fiye da ƙimarsa, sai lokaci ya wuce za ka iya cewa wannan bai yi ba. Ga shi kuma duk daƙiƙar da ka sunkuyar da kai kana shara, dabbar tana can tana yin abin da ka zo ɗauka.

Tambaya ɗaya kake yi wa hoto a yanzu: ya yi kyau? Hoton namun daji kuwa yana da aiki fiye da ado. Yana iya zama shaida cewa an ga wannan halitta a wannan wuri a wannan rana. Yana iya nuna wata ɗabi'a. Yana iya tantance wace dabba ce takamaimai a cikin 'yan'uwanta. Kuma waɗannan ayyukan ba ruwansu da ko hoton ya dace a rataye a bango.

Ɗauki batun tantance dabba ɗaya-ɗaya. Zanen jikin jakin dawa, da tabon damisa, da taswirar fatar raƙumin dawa, babu biyu iri ɗaya. Zaki ana gane shi da ɗigo-ɗigon da gashin bakinsa ke tsirowa a kai, dabarar da masu bincike a Gabashin Afirka suka bayyana tun 1970, kuma tsarin ɗigon ba ya sauyawa har ya tsufa. A Amboseli ta ƙasar Kenya, aikin binciken giwaye da Cynthia Moss ta fara a 1972 ya dogara ne da kunne: yagewa, da huji, da jijiyoyin da suka fito. A Kenyar dai, a 2016 an tara jama'a suka bazu a arewacin ƙasar suna ɗaukar hoton ɓangaren dama na jakin dawa nau'in Grevy, manhaja ta kwatanta zane-zanen aka ƙidaya su. Duba abin da ake buƙata a nan: gefen jiki, bayan kunne, rabin fuska. Irin hotunan da ka ce kana gogewa ne saboda dabba ta juya.

Tsuntsaye kuma ga batun zobe. Tun 1899 da wani malamin makaranta a Denmak, Hans Christian Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa, da wannan hanyar ake bin sawun ƙaurarsu. Zoben ƙarfen a naɗe yake a ƙafa, lambar ta zagaye shi, ba a taɓa ganin ta duka daga gefe ɗaya. Ka ce wani tsuntsun bakin ruwa yana kiwo a taɓo, ka ɗauke shi sau 30. A hoton da ka fi so, wanda ya kalle ka ido ya yi ƙyalli, ƙafar tana cikin ruwa. A na bakwai ya ɗaga ƙafa, kai ya yi dishi-dishi, amma in ka zuƙo za ka karanta harafi ɗaya da lamba biyu. A na goma sha biyu ya juya maka wutsiya, zoben ya mirgina, ga lambobi uku na gaba. A wani kuma reshe ya rufe rabin jikinsa, amma sunan cibiyar da ta sa zoben ya fito. Sai an jera waɗannan munanan hotunan kafaɗa da kafaɗa lambar take cika, a aika wa cibiyar, su dawo maka da ƙasar da aka kama shi da shekarar. A allo mai inci 3 ko zoben ma ba za ka lura da shi ba.

Akwai kuma lokacin da mai ɗaukar hoton bai san abin da ya ɗauka ba. A Niyu Zilan akwai wani ɗan ƙaramin tsuntsun teku, baƙi da fari, wanda ba a san shi ba sai ta gawarwaki uku da aka adana a gidajen tarihi tun ƙarni na 19. An ɗauka ya ƙare. A 2003 masu kallon tsuntsaye a cikin jirgin ruwa suka ɗauki hotonsa a tekun arewacin ƙasar, da farko an zaci wani danginsa ne da aka sani. Sai da aka zauna aka ƙura wa hotunan ido aka lura da baƙaƙen zane a farin cikinsa da ƙafafun da suka zarce wutsiya, aka gane wanda aka yi wa ta'aziyya ne. A 2013 aka gano inda yake ƙyanƙyasa a tsibirin Little Barrier. Hoton ɗan tsuntsu mai saurin tashi daga jirgin da igiyar ruwa ke jijjigawa, ka san ba na gasar kyau ba ne. Haka a 2023, wata tawagar masu bincike ta yi makonni huɗu a tsaunukan Cyclops na Indonesiya tana neman wata dabba mai ƙaya a jiki da dogon baki, daga cikin 'yan tsirarun masu shayarwa da ke yin ƙwai, wadda tun samfuri ɗaya na 1961 masana ba su sake tabbatar da ita ba. A rana ta ƙarshe, a katin ƙarshe da suka buɗe daga kyamarorin da suka ɗaure a daji, nan ta bayyana.

Ba lallai ka gano halittar da ta ɓace ba, kuma ba na so in sa maka wannan burin. Amma ƙaramin nau'in wannan yana faruwa kullum. Garken tsuntsaye 200 a bakin tafki, ka ɗauka don kyan tarinsu, ashe a gefen hagu akwai guda ɗaya mai ɗan bambancin baki wanda ba a saba gani a yankin ba. Manhajoji irin su eBird da aka fara a 2002 da iNaturalist da aka fara a 2008 suna karɓar irin wannan hoton, masana su duba su tabbatar, bayanin ya shiga rumbun da masu bincike ke amfani da shi. Abin da suke nema shi ne a iya gane halittar, da kwanan wata, da wuri. A nan zan ɗan ratse in yi gargaɗi biyu. Ka tabbata agogon kyamararka daidai yake, domin kwanan watan da ke cikin fayil shi ne rabin shaidar. Sannan in dabbar irin wadda mafarauta ke bi ce, kamar karkanda, ka cire bayanin wuri daga hoton kafin ka ɗora shi a intanet.

Saboda haka in za ka duba hoto, kada ka tsaya a tsakiya. Ido yana zuwa kai tsaye inda ka saita, can yake maƙalewa. Ka tilasta masa ya zagaya kusurwoyi huɗu, ya leƙa bayan dabbar da ƙarƙashin ƙafarta. In barewa ta miƙe wuya, kunnuwa duka biyu sun fuskanci gefe guda, bi inda take kallo, ka zuƙo cikin ciyawar. Wani lokaci abin da za ka samu baƙin bayan kunne ne guda biyu a saman ciyawa, sai hoton ya tashi daga na barewa mai kiwo ya koma na farauta. Duba bakin tsuntsu: me yake ɗauke da shi? Ƙwaro ne, ko tsinken sheƙa? Kowanne yana nuna yana kiwon 'ya'ya ko yana gini a kusa. Duba ƙafar dabba ko akwai tabon tarkon waya, irin wannan hoton masu gadin daji suna buƙatarsa. Masu aikin Snapshot Serengeti a Tanzaniya sun kafa kyamarori 225 tun 2010, zuwa 2013 sun tara jerin hotuna miliyan 1.2, kuma kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ke da dabba a ciki. Sauran yawanci ciyawa ce da iska ta kaɗa. Duk da haka sai da aka sa idon mutane a kansu kafin a ce babu komai, domin wutsiyar da ke fita daga gefen hoto ma bayani ce.

Shi kansa dishi-dishin iri-iri ne, kuma ya kamata ka san wanne ke gabanka. In komai a hoton ya ja gefe guda, har da duwatsu da itatuwa, hannunka ne ya girgiza. In ciyawar gaba ko reshen baya ya fito raɗau dabbar kuma ta dusashe, saiti ne ya kuskure. In duk abin da ke nesa ya yi kamar yana narkewa, zafin ƙasa ne ke murɗa iska, kuma wannan ba laifinka ba ne, ba kuma na gilashin kyamara ba. Amma in kai da ido sun tsaya cak, fukafukai ko ƙafafu ne kawai suka shafe, wannan motsi ne, kuma sau da yawa shi ke sa hoto ya yi rai. Hoton da ya ci babbar kyautar gasar Wildlife Photographer of the Year a 2013, na Greg du Toit ɗan Afirka ta Kudu, giwaye ne a bakin ruwa a Botswana, an ɗauke su da ƙiftawar kyamara a hankali da gangan, ɗan giwa ya gifta ta gaba a shafe. Mai bin dokar duk abin da ya yi dishi-dishi a goge da ya share shi tun a ramin da mai hoton ya ɓuya. Sanin irin dishin kuma shi ne makarantarka. In ka ga hotunanka na tsuntsu a sama duk sun shafe a ƙiftawar kyamara ta 1/500 na daƙiƙa, ka koyi cewa 1/2000 ake so. Wanda ya goge a daji ya goge darasin tare da hoton.

Wani ƙaramin abu da ke ruɗin sababbin shiga: tsuntsaye suna da fatar ido ta uku, siririya, mai sharewa daga gefe zuwa gefe. In ta faɗo daidai lokacin ɗauka, idon sai ya yi fari-fari kamar na makaho. A jerin hotuna goma masu kama da juna, biyu suna iya zuwa da ita, kuma ba za ka bambance su a ƙaramin allo ba. Ga mai neman hoton fuska waɗannan biyun ba su yi ba. Amma tsuntsu mai nutso ko mai ciyar da 'ya'ya yakan ja ta don kare ido, a nan kuma ita ce abin kallon.

Dalili na ƙarshe na riƙe maƙwabtan hoto mai kyau shi ne shaida. Gasar da na ambata, wadda gidan tarihin halittu na Landan ke shiryawa, tana neman ainihin fayil daga duk wanda ya kai matakin ƙarshe. A 2018 ta ƙwace kyautar da ta bai wa wani hoto na 2017, na wata dabba mai cin gara a gindin suri a gandun dajin Emas na Brazil, bayan masana sun ce alamu masu ƙarfi sun nuna gawar dabba ce da aka cusa wa kaya aka tsayar. Mai hoton ya musanta, amma fayilolin da aka ɗauka kafin hoton da bayansa babu dabbar a ciki. A wannan zamani da manhaja ke ƙirƙiro hoton zaki daga rubutu, duk ranar da ka samu wani abu na ban mamaki za a tambaye ka ina na gabansa da na bayansa. Ka riƙe su ko da ba su da kyau.

To yaya ake yi? Ga yadda nake yi, kuma ba shi da wuya.

A daji ba na goge komai. In na ga wanda nake so, ina danna masa alamar makulli ko tauraro don in same shi da sauri daga baya. Maganin cikar kati shi ne ƙarin kati. In ta kama dole, kati ya cika kuma babu wani, abin da za a cire shi ne wanda babu shakka a kansa: baƙi ƙirin, fari fat, hoton ƙasa ko sama da yatsa ya danna bisa kuskure. Ɗaya bayan ɗaya, kuma a kula, domin a kyamarori da yawa zaɓin goge wannan da na goge duka maƙwabtan juna ne. In kana ɗaukar RAW da JPEG tare a kati ɗaya, gogewa ɗaya tana tafiya da duka biyun.

Da an dawo, kwafi ne farko, kafin a buɗe ko hoto ɗaya: a kwamfuta, da kuma wata ma'ajiya daban. Sai an tabbata kwafin biyu suna buɗewa ake yi wa katin fomat, wato a share shi gaba ɗaya, a cikin kyamarar. Ka sani fomat yana share har waɗanda ka sa wa makulli.

Zagayen farko da sauri ake yin sa, a babban allo, kuma abin da ake nema shi ne masu kyau. Wannan ya sha bamban da neman munana, domin mai farautar aibi a kowane hoto zai samu. A Lightroom harafin P yana sa alamar zaɓi, X yana sa alamar ƙi, kuma alamar ƙi ba ta goge komai, ware hoton kawai take yi. Manhajojin Photo Mechanic da FastRawViewer sun fi sauri, na biyun ma ainihin RAW yake nunawa. Darktable da digiKam kyauta ne kuma suna yin aikin. Zagaye na biyu shi ne na zuƙowa zuwa kashi 100, a kan idon da ya fi kusa da kai, ana jera masu kama da juna biyu-biyu. Kada ka wuce kashi 100, daga nan kowane hoto lalacewa yake yi. Sannan ka rufe ka bar su. Bayan makonni ka buɗe waɗanda ka ƙi kaɗai, ka bi su a hankali da waɗancan tambayoyin: akwai wani abu a gefe? Akwai zobe, ko tabo, ko wata ɗabi'a? Ina da wani hoton wannan halittar da ya fi shi? Wanda ya faɗi a duka, goge shi, kada ka ji komai.

Inda za ka yi shara ta gaske shi ne jerin ɗauka a jere. Kyamarorin yanzu suna ɗaukar 20 ko 30 a daƙiƙa guda, akwai ma mai kai 120. Zaki yana barci ka danne maɓalli daƙiƙa biyar, ka tara 100 iri ɗaya. Biyu ko uku sun isa. Amma in jerin na aiki ne, farauta ko faɗa ko barbara ko ciyarwa, ka bar shi cikakke daga farko har ƙarshe, domin abubuwan da suka faru cikin rabin daƙiƙa sai a jere ake fahimtar su. Dokar da nake bi ita ce gwargwadon wuyar sake samun abu, gwargwadon sassaucin da nake yi masa. Tsuntsun da nake gani kullum, sai hotonsa ya yi kyau sosai zai zauna. Halittar da na gani sau ɗaya tak, ko inuwarta na kama ina riƙewa, har sai na samu wanda ya fi shi.

Batun wuri kuma bai kai yadda kake tsoro ba. Fayil ɗin RAW na kyamara mai megafiksel 24 yana kai megabait 25 zuwa 30, na mai 45 kuma wajen 50. Ko da manyan ne, terabait ɗaya zai ɗauki kusan 20,000. Ka kwatanta wannan da wahalar sake komawa dajin, ka kuma roƙi damisa ta sake hawa wancan reshen.

Waɗanda ka riga ka goge fa? In katin yana nan kuma ba ka sake ɗauka a kansa ba, akwai fata. Gogewa ta yau da kullum ba ta share hoton daga kati, sunansa kawai take cirewa daga jerin fayiloli ta ce wurin ya zama fili. Cire katin daga kyamara yanzu, kada ka ɗauki ko hoto ɗaya da shi, ka sa shi a kwamfuta ka bi shi da manhajar ceto irin PhotoRec, wadda kyauta ce, kuma abin da ta tono ka ajiye shi a wani wuri daban, ba a kan katin ba. Ko fomat mai sauri aka yi sau da yawa ana samun wasu, amma cikakken fomat da wasu kyamarori ke da shi yana tafiya da komai. A kwamfuta mai ma'ajiyar SSD kada ka sa rai sosai, domin ita da kanta take share wuraren da aka ce an bari, jim kaɗan bayan ka zubar da kwandon shara. In kuma da waya kake ɗauka, iPhone tana riƙe abin da aka goge kwana 30, kuma in hotunanka suna haɗe da iCloud, wanda ka goge a waya ya tafi a sauran na'urorinka ma, don haka ma'ajiyar hotunan da aka goge a wayar za ka fara dubawa kafin kwanakin su cika.